Ranar da Na Riƙe Igiyar Barmo

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya halicci mai gudu ya halicci mai tsayawa, ya san abin da zuciya za ta so tun ba ta fara bugawa ba. Bayan haka, ni ne Korau ɗan Jatau, wanda ya taka ƙasashe goma sha bakwai, ya ci tuwon sarakuna biyar ba tare da an gayyace shi ba, aka kore shi daga garuruwa tara bai koma ko ɗaya don ba da haƙuri ba. Duk wanda ya ga hannayen nan nawa, yatsu a ƙandare kamar ƙafar kaza, sai ya tambaya ko wuta ce, ko ciwo. Ba ko ɗaya. Ku gyara zama ku ji.

Karatuna bai yi nisa ba, wannan ba na ɓoye shi. Ranar da na bar makaranta, kwaɗo na saka a butar malaminmu, Malam Ilu, na koma gefe ina jiran ihu. Malam ya zo, ko murfin bai taɓa ba, ya miƙo mini butar ya ce, "Korau, je ka mayar da shi rafi. Tun jiya na san za ka yi. Abin da za ka yi gobe ma na sani. Kai ai ba ka da wuyar karantawa."

Na sha bulala a duniya, amma babu wadda ta shige ni kamar wannan magana. Ashe duk ɓarnar da nake taƙama da ita, wani yana hango ta tafe tun daga nesa? To ni ke yi, ko wani abu ne a cikina yake kora ni kamar jakin kaya? Maganar ƙaddarar Ubangiji ban kai nan a karatu ba, na bar wa malamai. Tawa tambayar ƙarama ce: mutum yana iya saɓa wa halinsa? Da ita na fita daga garinmu, ban yi sallama da kowa ba.

Wata huɗu na yi a bayan kunkuru. Kada ku yi dariya. A Tekun Yashi raƙumi nutsewa yake yi, sai kunkuru mai girman rumbu uku, wanda fatake ke kafa bukka a gadon bayansa. Shi ya sauke ni a Wasaram, garin da mutanensa suka rantse babu abin da zai mallake su, ko hali, ko al'ada, ko tarbiyyar iyaye. Kowa yana yawo da ɗan wuri, irin na kuɗin da, a aljihu. Kafin ya yi komai sai ya jefa: in ya kife a yi, in ya faɗi rigingine a fasa. Da idona na ga mace ta jefa wuri a kan ko ta ɗauki jaririnta da ke kuka. Wuri ya ce a'a. Ta zauna kusa da shi ita ma tana kuka.

Na yi musu dariya a tsakiyar kasuwa, suka kama ni. Suka ce za a jefa wuri, in ya kife a sake ni, in ba haka ba a jefa ni rijiya. Na roƙi a bar ni in yi wa wurin addu'a. Na kai shi bakina kamar mai tofi, na cusa masa ƙaron da nake taunawa a ciki. Sau bakwai suna jefawa, sau bakwai yana kifewa. Suka raka ni har ƙofar gari da girmamawa. Na tafi ina cewa, in wannan ne 'yanci, su riƙe abinsu.

Daga nan na yi kwana ashirin ina hawa, har na isa Tudun Kirtani, gari a kan falalen dutse, inda sanyi ke sauka wata biyar ko ciyawa ba ta tsira. Abincinsu na waɗannan watanni zuma ce. Kowa a garin, namiji da mace, yana da kirtani mai ƙulle-ƙulle a wuya. Akwai wasu tsofaffi da ake kira masu ƙulli. Tun daga yaye suke sa wa ɗa ido: wa ya haife shi, wa ya dake shi, me ya taɓa tsorata shi, ya san yunwa ko bai san ta ba. Kowane abu ƙulli ɗaya. In ya shekara bakwai sai a rataya masa, daga nan an san abin da zai yi har ya mutu. Da kirtani ake ba da sana'a, da shi ake ba da aure. In mutum ya gaishe ka, wuyanka yake kallo, ba fuskarka ba.

Abin da ya fi burge ni, a garin ba a zagi, ba a yabo. Wani ya yi sata, sai a karɓe kayan a ce, "Ƙullinsa ne." Wani ya ciro tsohuwa daga gobara, sai a ce, "Ƙullinsa ne." Na ce a raina, Korau, ka zo gida.

Baƙo ma sai an ƙulla masa nasa. Aka kai ni wurin shugabar masu ƙulli, Iya Hansai, tsohuwa 'yar firit, ido ɗaya ya yi fari, yatsunta kuwa ba sa hutawa. Kwana bakwai tana yi mini tambaya tana ƙullawa. Na shirga mata ƙarya iya ƙarya, na ce ubana sarki ne, uwata aljana.

"To," in ji ta, ta yi ƙulli. "Wanda ya ara wa kansa uba, kunyar nasa yake ji. Ci gaba, ɗan nan."

Rana ta uku na kamo ƙadangare zan saka mata a kwandon zare. Da na buɗe kwandon, sai na tarar da ɗan ƙoƙon ruwa a ciki.

"Don kada ya ji ƙishirwa," in ji ta, ko kai ba ta ɗago ba.

Rana ta biyar na shigo da baya da baya, rigata a juye, hula a ƙafa. Na ce, "Wannan fa, Iya? Kin san da shi?"

Ta nuna mini wani ƙulli da ta yi tun ranar farko. "Mai yin abu don kada a ce an san shi ya fi kowa sauƙi. In na ce maka gabas, sai in je yamma in jira ka."

Ban san lokacin da gaskiya ta fara zubo mini ba. Rana ta bakwai ta shimfiɗa kirtanin a cinyarta, ta bi shi da yatsa. Ta ce, "Ga ka nan gaba ɗaya. Ka bar makaranta da aka kunyata ka. Ka bar gonar ubanka da rana ta yi zafi. Ka bar uwarka ba sallama don kada ka ga hawayenta. Duk inda abu ya fara ciwo, hannunka buɗewa yake yi. Kai mai saki ne. Ba laifinka ba ne, ɗan nan, haka aka ƙulla ka."

Na karɓi kirtanin, na rataya a wuya.

Masu saki shara ake ba su, da kunun dusa sau ɗaya a rana. Waɗanda ake ji da su a garin su ne masu riƙo, ga kuma dalili. Zumar garin a cikin wani kwazazzabo take, a manne da bangon dutse, gaba arba'in zuwa ƙasa. Mutum ɗaya ke sauka da igiya, ɗaya ya riƙe a sama. Babu itace a bakin kwazazzabon, dutsen kuma ba ya karɓar turke. Ba a ɗaure igiyar a ƙugun mai riƙo, don kada a rasa mutum biyu rana ɗaya. Zagayo ta yake yi ta bayansa, ya damƙe da hannu, ya kafa diddige. In ya buɗe hannu, shi ke nan. Ƙudan zuman wurin kuwa kowane ya kai ɗan tsako. Da hayaƙi ake kore su, amma in iska ta juya, sama suke hawowa su tarar da mai riƙo. Shi ya sa nama da ɗaki mai ɗumi na masu riƙo ne.

Kwana goma na yi ina shara. A na sha ɗaya, da tsakar rana kowa yana hutawa, na shiga maƙabarta, inda suke rataye kirtanin matattu a jikin bango. Na zaɓi na wani mai riƙo, mai jan ƙulli uku a jere, na rataya a wuyana, na cusa nawa a aljihu, na gangara unguwar ƙasa. Wallahi ko mutum ɗaya bai dubi fuskata ba. Wanda ya miƙo mini tsintsiya shekaranjiya na gamu da shi a hanya, ya kauce, ya rusuna.

A unguwar ƙasa na haɗu da Barmo, mai sauka kwazazzabo, dogo, mai sanyin magana. Ya daɗe yana kallon wuyana, sa'an nan ya ce, "Ɗan'uwa, kana da abokin igiya?"

Na ce, "Sarakuna uku sun nema, na ƙi."

Ya ce, "Zo mu je gida."

Wata guda na yi a gidansa. Matarsa Yalwa tana da tsohon ciki, amma ita ke kawo mini ruwan wanka. Akuya ɗaya ta rage musu, suka yanka mini ita. A bayan ɗaki na ga tuluna goma sha biyu na zuma, na ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, duk wayam. Yalwa ta ce bara mai riƙe wa maigidan igiya ya rasu tun farkon ɗiba, sauran masu riƙo kuwa kowa da abokinsa. Da ragowar maƙwabta suka ci sanyin bara. Na bana ba za su kai ƙarshensa ba, balle ga jariri tafe.

Niyyata in ci in ƙoshi, in sulale kafin ranar sauka. Kullum sai in ce gobe zan gudu, kullum sai Yalwa ta dafa wani abu. Ina cikin gobe-gobe ranar ta zo.

Da hantsi muka isa bakin kwazazzabo. Na leƙa sau ɗaya, ban ƙara ba. Barmo yana hura wuta a kaskon hayaƙi sai ga Iya Hansai ta hawo tana haki, da ƙunshi a ka. Ta sauke shi, ta zauna a kan wani dutse.

"Barmo," in ji ta, "mutumin nan mai saki ne. Ni na ƙulla shi. Na wuyansa satowa ya yi."

"Na sani, Iya."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ci gaba da hura wutarsa. "Kirtanin ƙanena Tanimu ne. Shi ke riƙe mini. Bara iska ta juya, ya riƙe har na hawo, bayan kwana biyu ya rasu. Tun daga nesa na gane jan ƙullin nan. Uwarmu ce ta rina zaren."

"To don me ka kai ni gidanka? Don me ka yanka mini akuya?"

Ya taɓa nasa wuyan. "Nawa ya ce ni mai yarda ne da wanda bai kamata ba. Kuma ba ni da wani sai kai. In ban sauka ba, sanyi ya ɗauke mu mu uku a hankali. In na sauka, ko yaya ta kasance, yau za a sani."

Iya ta ce, "Na san ba za ka fasa ba. Na dai faɗa ne."

Ya ɗaura igiya a ƙirjinsa, ya rataya salkuna biyu da kaskon hayaƙi, ya miƙo mini ɗaya bakin igiyar. Ya ce, "Ɗan'uwa, in ya yi zafi ka saki. Babu mai zagin ka. Yalwa ma na gaya mata. Ta ce in ka koma kai kaɗai, tuwonka yana nan a rufe. Ba laifinka ba ne."

Tun ina ƙarami abin da nake nema ke nan, in yi ɓarna a ce ba laifina. Ga shi an ba ni tun kafin in yi, har da tuwo a rufe. Sai na ji kamar an tofa mini yawu a fuska. Kafin in sami bakin magana, kansa ya ɓace a bakin dutse, nauyinsa ya sauka a bayana.

Da fari abin da sauƙi. Na kafa diddige a ramukan da ƙafafun masu riƙo suka sassaƙa shekara da shekaru, ina sassauta igiya kamu-kamu. In ya ja sau ɗaya in ƙara, in ya ja sau biyu in tsaya. Hayaƙi yana tasowa yana shiga mini ido. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin, ina ƙara wa kwazazzabon zurfi. Rana ta yi sama, ya ja sau uku, alamar ya cika salkuna zai hawo. Na fara tattaro igiya.

Sai hayaƙin ya daina shiga idona.

Na ji iskar ta koma tana bugun ƙeyata. Daga ƙasa wani gurnani ya taso kamar mata ɗari suna niƙa a lokaci ɗaya. Na waiwaya, Iya Hansai ta lulluɓe da bargo har ka. Harbin farko a wuya ya same ni, kamar an soka ƙusa da aka ciro daga wuta. Na biyu a leɓe. Daga nan ban ƙara ƙirgawa ba, don hannayen suka rufa wa, su ne ba sa motsi.

Da na so, da na ce muku Yalwa na tuna da cikinta, ko Tanimu da nake ɗauke da kirtaninsa, ko maganar Iya ce ta sa na yi zuciya. Duk ƙarya ne. Ban tuna kowa ba. Abin da na sani, kowane yatsa nawa roƙo na yake yi in buɗe shi. Wata murya kuma a cikina, tawa ce sak, mai daɗin nan da ta fitar da ni daga garuruwa tara, tana cewa, "Korau, saki. An riga an yafe maka."

Na ce mata, "To, zan saki. Bari in ja numfashi ɗaya."

Na ja, na jawo kamu ɗaya. Ta ce, "Saki mana."

Na ce, "Yanzu kuwa. Ɗaya dai."

Na yaudari malamai, na yaudari sarakuna, na yaudari garin Wasaram kaf da ɗan ƙaro. Ran nan kaina na zauna ina yaudara, numfashi bayan numfashi, kuma ban taɓa gamuwa da mai wuyar yaudara kamarsa ba.

Can hannun hagu ya buɗe da kansa, ban ba shi izini ba. Igiya ta zarce, ta tafi da fatar tafin hannuna na dama, na ji ihun Barmo daga ƙasa. Na faɗi zaune, na danne igiyar da cinya, na sa haƙori na cije ta, na kamo hannun hagun na mayar da shi kamar ana mayar da ɓarawo kurkuku. Idanuna sun kumbura sun rufe. A duhun nan na ci gaba da ja, ina yi wa muryar alkawarin ƙarya, har na ji wani hannu ya dafa ƙafata. Daga nan ban san inda nake ba.

Da la'asar na farfaɗo, a nan bakin dutsen. Iska ta koma daidai, ƙudan zuma sun sauka. Ido ɗaya ya ɗan buɗe. Barmo yana zaune gefe, kansa a kan gwiwa, salkuna biyu cike a gabansa. Iya Hansai ta ɗora hannuna a cinyarta tana cire ƙarin harbi ɗaya ɗaya, tana shafa wani baƙin magani daga tandu.

Da ƙyar leɓena ya motsa. Na ce, "Iya, kirtaninki ya yi ƙarya."

"Bai yi ba. Ni na manta da ƙullin ranar farko. Na ce gabas, ka tafi yamma. Don na ce za ka saki shi ya sa ka riƙe. Har yanzu kana cikin kirtaninka, ɗan nan."

"Wallahi ko tuna ki ban yi ba."

"Ba sai ka tuna ba. Ƙulli ba ya sallama kafin ya yi aiki."

"Wayo na yi wa kaina, Iya."

"Wayon ma ai yana ciki. Ga shi nan, na huɗu daga sama."

Karatuna bai kai in kayar da ita ba, har yau kuma ban gamu da wanda nasa ya kai ba. Ina kwance ina kallon gefe, sai idona ya faɗa kan ƙunshin da ta hawo da shi, a kwance a buɗe. Ban da gurbin tandun, akwai wani farin ƙyalle sabo, a ninke.

Na ce, "Iya, wancan farin fa?"

"Likkafanin Barmo ne."

"Maganin kuma?"

"Na hannunka."

Na ce, "Mai saki ai ba ya buƙatar magani, harbin farko zai tsere. In kin san zan saki, likkafani ya isa. In kin san zan riƙe, magani ya isa. Don me kika ɗauko biyu, kika hau da su tudu da tsufanki?"

Tun da na san ta, ran nan na fara ganin yatsunta sun tsaya. Barmo ya ɗago kai yana kallon ta. Ta dubi ƙyallen, ta dubi tandun.

"Miƙo ɗaya hannun," in ji ta.

Da na iya tafiya, na mayar da kirtanin Tanimu bangon da na ɗauko shi, na rataya nawa na mai saki a wuya. Da shi na koma bakin kwazazzabo bayan kwana goma sha biyu, hannu naɗe da tsumma, yatsu sun riga sun ƙandare a yadda suka kama igiya. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo. Su dubi wuyana, su dubi igiyar, su rasa inda za su ajiye ido, har wasu suka fara duban fuskata. Muka cika tuluna goma sha biyu kafin sanyi ya sauka, Yalwa ta haihu a ɗaki mai ɗumi.

Kowace safiya ta waɗannan kwanaki sai ga Iya Hansai ta hawo tana haki, ta zauna a kan dutsenta, ta ajiye ƙunshinta a gefe. Ban ƙara tambayar ta abin da ke ciki ba. Amma ina lura da girmansa, kuma har ranar ƙarshe bai ragu ba.

Wannan shi ne labarin hannayen Korau ɗan Jatau. Wanda ya ce ƙarya ne, ga su nan, ya zo ya miƙe yatsa ɗaya.